Bindigar Iskar Lewis da Clark: Yadda Tabon Gyara Ya Zama Shaida

Wajen shekarar 1779, wani maƙeri daga yankin Tirol mai suna Bartolomeo Girardoni ya ƙera bindigar da ba ta buƙatar albarushi. Iska ake ɗura wa gindinta da famfon hannu, bugu kusan 1,500, sannan ta harba dalma kusan ashirin a jere, babu hayaƙi. Sojojin Ostiriya sun riƙe ta daga 1780 zuwa wajen 1815, suka ajiye ta saboda wuyar ɗuri da saurin lalacewar ma'ajiyar iskar.

Sai dai a Amurka ne sunan bindigar iska ya fi shiga tarihi. Lokacin da Meriwether Lewis da William Clark suka ratsa yammacin ƙasar zuwa Tekun Fasifik tsakanin 1804 da 1806, Lewis na ɗauke da wata bindigar iska da yake harbawa a gaban al'ummomin asali don ya cika su da mamaki. Bayan tafiyar, ta ɓace. Tambayar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya ita ce, wacce ce daga cikin tsofaffin bindigogin da suka rage?

Amsar farko ta fito daga takardar gwanjo. Bayan rasuwar Isaiah Lukens, wani maƙerin agogo na Filadelfiya, an sa kayansa a kasuwa a 1847, kuma jerin kayan ya ambaci bindigar iskar da Lewis da Clark suka yi amfani da ita. Don haka aka jima ana ɗauka wata bindiga ƙirar Lukens, mai harbi ɗaya-ɗaya, ita ce.

Wani rubutu ya rushe wannan zato. Thomas Rodney, wanda ya haɗu da Lewis a garin Wheeling a 1803, ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa bindigar tana ɗaukar harbi 22 a ɗuri guda. Wannan siffar Girardoni ce, ba ta Lukens ba.

Hujja ta uku tana cikin ƙarfen kansa. Lewis ya rubuta cewa a watan Yunin 1805 maƙerin ayarin, John Shields, ya sauya babban sifirin na bindigar. Da aka kwance wata Girardoni mallakar Robert Beeman, sanannen mai tara bindigogin iska, sai aka tarar sifirinta ba na asali ba ne, aikin wani hannu ne daban. Masana da dama sun gamsu, wasu kuma har yanzu suna ja. Beeman ya ba da ita kyauta ga cibiyar tarihin sojan Amurka da ke Carlisle a jihar Pennsylvania.

Haka ake tantance tsohon makami: a duba ƙira, a bi sawun waɗanda suka mallake shi, a gwada abin da takardu suka faɗa da abin da ƙarfe ya nuna. Tsufa kaɗai ba ya sa daraja. Da wani mai son kyau ya cire wannan sifirin ya sa sabo, ya goge tsatsa ya shafa fenti, da ya mayar da ita bindiga kamar kowace, kuma da babu sauran hanyar danganta ta da Lewis. Shi ya sa masu tara kayan tarihi suke gargaɗin duk wanda ya gaji irin wannan kaya da kada ya kai shi wurin gyara kafin masani ya gani.