Daga Sawakin Zuwa Katin Shawara: Tarihin Binciken Lafiyar Alhazai

Jama'a, tunda an shiga lokacin biyan kuɗin kujera, bari mu ɗan waiwayi tarihi. Da yawanmu muna biya wa iyaye Hajji, amma da an ce a kai tsoho asibiti a duba shi, sai ka ji ana cewa hukuma ce kawai ke son wahalar da mutane. To wannan bincike yana da asali, kuma rayuka aka rasa kafin a kafa shi.

A zamanin kakanni, maniyyaci daga Kano ko Damagaram a ƙasa yake tafiya, ya bi ta Borno, Wadai, Darfur, har tashar Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. A tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara guzuri, a ƙara gaba. Mutum kan yi wasiyya kafin ya fita, don ba kowa ke dawowa ba. Wasu cuta ta kashe su a hanya, wasu suka zauna a Sudan, zuriyarsu na can har gobe. A lokacin hanyar ce likita, mai rauni ba ya ma isa.

A 1865 kwalara ta ɓarke a Makka, ta kashe dubban mahajjata, masu komawa gida suka kai ta Masar, daga nan ta shiga Turai. Wannan ya sa aka yi taron ƙasashe kan annoba a Istambul a 1866. Daga baya aka riƙa killace alhazai a tsibirin Kamaran da kuma El-Tor a Sina'i. A El-Tor ɗin ne a 1905 aka gano wani nau'in ƙwayar kwalara a gawarwakin alhazai, har yau da sunan wurin ake kiran sa.

Da jirgin sama ya zo, tafiyar shekaru ta koma ta awanni. Rahama ce babba, tsoho mai shekara 80 ma zai iya zuwa. Sai dai jirgi ya rage hanya ne, bai rage ɗawafi, sa'ayi, Arfa da cunkoson Mina ba.

A 1987 sanƙarau ya ɓarke a wurin Hajji, Saudiyya ta wajabta allurar rigakafinsa. A 1996 kuwa, sanƙarau ya kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya, mafi yawa a Arewa, har aka hana maniyyatanmu shiga Saudiyya a shekarar. Dattawa ba su manta ba. Da wani nau'in, W135, ya bayyana a Hajjin 2000 da 2001, aka koma allurar ACWY mai nau'i huɗu, wadda dole a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Mu 'yan Najeriya an haɗa mana da ta shawara da ta shan-inna.

Korona ta ƙara fito da batun shekaru: a 2022 an hana wanda ya wuce 65, sai 2023 aka ɗage. A 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, Saudiyya ta sanar da rasuwar mutum 1,301, akasarinsu marasa izinin Hajji da suka yi doguwar tafiya cikin rana, cikinsu akwai tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe a jiki. Yanzu ƙa'idojinsu sun hana zuwan mai wankin ƙoda, mai ciwon zuciya mai tsanani, da wanda ƙwaƙwalwarsa ta rikice saboda tsufa.

To ɗan'uwa, idan ka biya wa Baba ko Inna, kuɗin rabin aikin ne. A kai su wurin likita tun da wata biyu ko uku, a auna hawan jini, suga, ƙoda da zuciya. A tanadi maganin da zai kai su har dawowa, cikin kwalinsa, a jakar hannu, tare da takardar likita. A fara musu tattaki kullum da safe. Mai ciwon suga ya kula da ƙafarsa, ya samu takalmi mai laushi. A ja musu kunne kan shan ruwa da riƙe lema, kuma su san malamai sun halatta wa mai rauni ya wakilta wani wajen jifa.

Don Allah a daina sayen kati ba a yi allura ba, a daina ɓoye ciwo ranar tantancewa don kada kujera ta kuɓuce. Malamai sun ce lafiyar jiki tana cikin ikon da ke wajabta Hajji. Wanda ya ɓoye wa likita ciwon mahaifiyarsa, ita ya cuta, ba hukumar alhazai ba.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya kai su, Ya dawo mana da su. A tura wa wanda ya biya wa nasa bana.