Harshe da Hankali a Ƙasar Gwandu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwandu, ko a Dodoru ne ko a Kalgo ko a ƙauyukan da ke tsakaninsu, ya san irin mutumin nan da ya manyanta har furfura ta fara fito masa, amma ba ya haɗa ido da kowa, ba ya amsa doguwar gaisuwa sai da kalma guda, kuma idan aka kawar da butarsa daga inda ya saba ajiye ta a ƙofar masallaci, hankalinsa ya tashi ke nan har yamma. Mutanen da sun ce masa wawa ko gaula, waɗansu suka ce iska ce ta shafe shi tun yana goye, alhali kuwa shi ɗin nan, in aka ba shi kiwo, ya san kowace saniya da ɗabi'arta, yakan gane wadda ciwo ya kama tun mai garken bai lura ba, in kuwa ɗinkin hula aka koya masa, zarensa ba ya kauce wa layi.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, ilmin da aka karantar a Gwandu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka danƙa wa yammacin daula a 1812 kuma ya rasu a 1829, bai taɓa ɗaukar harshe a matsayin ma'aunin hankali ba. Malaman mazhabar Malikiyya, waɗanda ake bita da littattafansu irin su Risala da Muhtasar a zauruka, sun tabbatar da cewa wanda ba ya magana, muddin ana fahimtar ishararsa, cinikinsa ya ƙullu, aurensa da sakinsa sun inganta, har shaidarsa ma ana karɓa. Sun san cewa Annabi Zakariyya, Alaihis Salam, ya yi kwana uku ba ya zance da mutane sai da nuni, kuma wannan bai rage masa komai ba. Haka nan sa'ad da Alƙur'ani ya yi umarni a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu, abin da fuƙaha'u suka nema shi ne rushdu, wato iya tattalin dukiya, wanda ake gane shi ta hanyar ba mutum kaɗan a ga yadda zai sarrafa, ba ta hanyar fasahar bakinsa ba.

Sai dai abin da ke cikin littafi daban, abin da ke bakin kasuwa daban. Al'ada ta tanadar wa makafi da kutare da guragu sarakunansu, kurame kuma a Kano suna da nasu shugaba da tasu maganar hannu, wadda wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta wallafa littafi a kanta a 2000; amma wannan bawan Allah da yake ji sarai, yake gani sarai, ya kasa shiga hira ne kawai, ba shi da sarki, ba shi da ƙungiya. Wani lokaci kunya takan rufa masa asiri, domin a wurinmu sunkuyar da kai gaban manya ladabi ne, kuma mace mai ƙarancin magana yabonta ake yi, har a kai ta ɗakin miji ba wanda ya tambayi abin da ke ranta. Wani lokaci kuwa a yi ta yawo da shi daga mai rubutu zuwa mai bori, in abin ya ƙi a sa masa mari. Zuwan Turawa bai kawo sauƙi ba, gama dokar mahaukata ta 1916, da wadda ta gaje ta a 1958, tsarewa suka sani, ba su bambance mai ciwon hauka da wanda aka halitta da wata irin ƙwaƙwalwa ba.

Su ma likitocin Turai sun daɗe cikin duhu. A 1943 ne Leo Kanner, wani likita a Amurka, ya bayyana halin yara 11 masu wannan lalura da yanzu ake kira otizim, wadda gidajen rediyonmu kan sa ta cikin galahanga, kuma shekaru da yawa bayan haka aka riƙa ɗora wa iwaye mata laifi, wai rashin ƙaunarsu ne sanadi, zargin da bincike ya rushe daga baya. An kuma ɗauka abin na yara ne, kamar yaro ba ya girma. Amma na farko cikin yaran Kanner, Donald Triplett, ya yi karatu, ya yi aikin banki a garinsu shekaru masu yawa, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Temple Grandin, wadda ba ta fara magana da wuri ba, ta zama farfesa a ilmin dabbobi, ta tsara hanyoyin kora shanu waɗanda ba sa firgita su, kuma ta rubuta tarihin rayuwarta a 1986. Makiyayin ƙasar Gwandu zai fahimci hikimarta tun kafin a gama yi masa bayani. A 2007 kuma wata mai bincike a Kanada, Michelle Dawson, wadda ita kanta tana da lalurar, ta nuna tare da abokan aikinta cewa idan aka gwada basirar irin waɗannan mutane da jarrabawar siffofi wadda ba ta bukatar magana, sakamakonsu yakan zarce wanda suke samu a jarrabawar da ta dogara ga zance. Gaskiya ne akwai daga cikinsu waɗanda basirarsu ke da rauni ƙwarai, masu bukatar mai kula da su har ƙarshen rayuwa, kuma ɓoye wannan zalunci ne ga iwayen da ke ɗauke da nauyin. Abin da aka gano kawai shi ne shiru ba hujja ba ce.

A shekarar 2007 ɗin kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga Afrilu don wayar da kai, Nijeriya kuma ta sa hannu kan dokar hana wariya ga masu nakasa a 2019, ta kuma maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata da wata sabuwar doka a 2023. Na yi murna da wannan, amma magidancin da ke Dodoru, wanda sai ya yi doguwar tafiya zuwa Birnin Kebbi ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kafin ya ga likitan da ya san lalurar, bai ji canji ba tukuna. Inda zai ji shi kuwa, a ganina, ranar rabon gado ne, sa'ad da 'yan'uwa suka zauna suka yanke cewa gonarsa ta zauna hannun wansa tun da shi ba ya magana. A nan ne ya wajaba liman da alƙali su dawo da hukuncin da magabatansu suka karanta: a zaunar da shi inda babu hayaniya, a kira wanda ya fi sanin ishararsa, uwa ce ko ƙanwa, a ba shi lokaci, sa'an nan a jarraba shi da damin gero ko kuɗin cefane, kafin a ce wani ya riƙe masa haƙƙinsa.