Idan Bashi Ya Fi Ƙarfinka: Yadda Za Ka Je Kotu da Kanka

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma akwai ranar da ɗan kasuwa zai duba abin da ke hannunsa, ya tarar ba ya isa biyan bashin da wa'adinsa ya cika. A kasuwa sai a ce wane ya karye. Da yawa sukan rufe shago su ɓuya, wasu har su bar gari. Ya kai mai karatu, ka sani doka ta tanadi wata hanya, kuma kana iya fara bin ta da kanka, ba sai ka ɗauki lauya ba.

Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, waɗanda dokar kasuwancinsu ɗaya ce. An kafa dokar karayar arziki a 1998, aka sabunta ta a 2015. Tun daga lokacin ba ɗan kasuwa kaɗai ta shafa ba. Maƙeri, da tela, da manomi, da duk mai sana'ar kansa sun shiga.

Abu na farko shi ne lokaci. Daga ranar da ka kasa biya, kwana 30 gare ka ka sanar da kotu. A Yamai akwai kotun kasuwanci. A Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ka nufi babbar kotun gari, ka nemi magatakardan kotu, wanda ake kira greffier da Faransanci. Shi zai karɓi sanarwarka, ya ba ka takardar shaidar karɓa. Kada ka fita ba tare da ita ba, domin ita ce hujjar cewa ka zo cikin wa'adi.

Wahalar aikin tana wajen takardu. Ana son takardar rajistar sana'arka idan kana da ita, da lissafin kuɗin da ya rage, da jerin kayan da ka mallaka. Ana son sunan duk mai bin ka bashi, da inda yake zaune, da adadin kuɗinsa, haka kuma waɗanda kai kake bi. Idan kana da ma'aikata, ka rubuta sunayensu da albashin da ba ka biya ba. Kowace takarda ka sa mata kwanan wata, ka sa hannu. Wadda ka rasa, ka rubuta dalilin rashinta, domin doka ta yarda da haka. A nan ne wanda ya saba rubuta cinikinsa a littafi yake jin daɗin karatunsa. Wanda ya riƙe lissafi a ka kuwa, sai ya zauna da wani amintacce su yi ta tuno bashi ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramar sana'a, wadda ma'aikatanta ba su wuce 20 ba, cinikinta na shekara bai wuce sefa miliyan 50 ba, an sauƙaƙa mata tsarin.

Alƙali zai duba. Idan sana'ar tana iya farfaɗowa, sai a nemi yarjejeniya da masu bashi, a ƙara maka lokaci ko a rage maka wani abu. Idan ba ta tashi, sai a sayar da kaya a raba kuɗin bisa tsarin doka. Ko wanne aka zaɓa, kotu tana naɗa wakili mai kula da dukiyar, kuma masu bashi ba su da ikon bin ka ɗai-ɗai suna kama kayanka.

Ga inda mutane suke faɗawa rami. Kada ka kai kaya gidan ɗan'uwa ka ɓoye, kada ka yi kyautar fili ko babur, kada ka biya aboki bashin da lokacinsa bai yi ba alhali sauran suna jira. Kotu tana iya ƙin amincewa da irin wannan, ɓoye dukiya kuma laifi ne da ke kai mutum gidan kaso.

Mai albashi da bashin gida ya danne, wannan doka ba tasa ba ce. Abin da yake iya roƙon alƙali shi ne a jinkirta masa biya ko a rarraba masa shi, har zuwa shekara 1, ban da kuɗin ciyar da iyali. Idan kana son bayani kyauta kafin ka sa hannu, ka tambayi ofishin hukumar ANAJJ mai taimakon marasa hali kan shari'a, wadda aka kafa a 2011.