Tabkin Babaye da kuɗin biki

Mu a Tawa ba mu da kogi. Abin da Allah ya ba mu shi ne Babaye, tabkin da ruwan damina ke taruwa a cikin gari. Ina yaro, can muke zuwa kallon masu yin tubali suna haƙar laka a gefensa, jakuna na shan ruwa, mu kuwa ƙafa duk taɓo. Da gari ya faɗaɗa sai gidaje suka matse shi, magudanai suka riƙa zubo masa shara da leda, sauro ya samu gida.

Gyara irin wannan ya fi ƙarfin aljihun ma'aikatar magajin gari. Harajin kasuwa da na tasha ba za su yi shi ba. Babban kuɗi sai daga Yamai, kuma a da yakan biyo bikin 18 ga Disamba, ranar da Nijar ta zama jamhuriya a 1958. Zamanin Shugaba Tandja Mamadu aka soma zagaya bikin jiha-jiha: Damagaram a 2006, Tawa a 2007. Shugaba Mahamadu Isufu ya farfaɗo da shi, Doso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, sannan Tawa a 2017 da shirin da aka kira Tawa Sakola, lokacin da aka shimfiɗa kwalta, aka kafa fitilu, gyaran Babaye ma ya shiga lissafi.

Ni dai abin da ke damuna da wannan tsari, ranar biki ce ta riƙa kora aiki. An riƙa gini da gaggawa don baƙi su gani, amma kuɗin yashe tabki da kwashe shara kowace shekara kan komo wuyan magajin garin nan da tun farko bai da su.