Motsa jikin da ke rage wa tsofaffi faɗuwa

A gidajenmu, idan tsoho ya faɗi a bakin banɗaki ko wajen tashi daga tabarma, akan ce tsufa ne, a yi masa sannu, a shafa masa man zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ba ta ɗauki abin da sauƙi haka ba. Ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa cikin mamatan. Cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan mutum ɗaya cikin uku na faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Abin da aka fi tsoro shi ne karayar ƙugu. Irin wannan karaya galibi aiki take buƙata a asibiti, ba ɗorin gida ba, kuma tsohon da ya kwanta makonni yana iya kamuwa da gyambon kwanciya ko ciwon huhu. Ko wanda bai karye ba yakan tashi da tsoro. Tsoron ya sa ya rage tafiya, rage tafiyar ya ƙara kashe masa ƙafa, sai faɗuwa ta biyu ta fi ta farko sauƙin aukuwa.

Abubuwa huɗu ne ke riƙe mutum daram a tsaye: ido, wani sashe na can cikin kunne mai gane karkacewar kai, jin da ke tafin ƙafa da gaɓoɓi, da ƙarfin tsokar cinya da ta ƙwauri. Duk suna raguwa da shekaru. Amma tsoka da daidaiton jiki suna karɓar horo ko bayan shekara 80. A nan ne ladabinmu kan yi ɓarna ba da gangan ba. Tsohuwa ta miƙe za ta ɗauko buta, jika ya ce: "Zauna, Inna, na kawo miki." Baba zai taka zuwa kasuwa, a ce ga babur. Tarbiyya ce mai kyau, sai dai ƙafar da aka hutar kullum ita ce ke fara cin amanar mai ita.

A shekarar 2019 masana na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 108 da aka yi kan mutane sama da 23,000, suka gano motsa jiki na rage yawan faɗuwa da kusan kashi 23 cikin 100, kuma wanda ya fi tabbas shi ne mai horar da daidaiton jiki. Akwai kuma shirin Otago, wanda John Campbell da Clare Robertson suka tsara a Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand, ya rage faɗuwa da kashi 35 cikin 100 a gwaje-gwajensa, amfaninsa kuma ya fi bayyana ga waɗanda suka kai shekara 80. Ana yin sa a gida, kamar minti 30, sau uku a mako, tare da tattaki sau biyu. Ita ma OMS tun 2020 ta ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar yin atisayen ƙarfi da daidaito aƙalla kwana uku a mako. Tattaki kaɗai yana da kyau ga zuciya, amma bai wadatar wajen hana faɗuwa ba.

Idan abu ɗaya tak tsoho zai iya yi, to ya zama tashi da zama. A samu kujera mai ƙwari wadda ba ta da taya, a jingina ta da bango. Kujerar roba mai lanƙwasa ƙafa ba ta dace ba. Ya zauna a bakinta, tafin ƙafafu a ƙasa, ya ɗan sunkuyo har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, ya miƙe tsaye, sannan ya koma ya zauna a hankali, ba ya saki jiki ya faɗa ba. Komawar nan a hankali ita ce rabin aikin. A fara da sau biyar, yana dafa hannu biyu. Bayan ƴan makonni ya koma hannu ɗaya, daga baya ya rungume hannuwa a ƙirji, har ya kai sau goma. Tsokar da ake horarwa a nan ita ce dai mai ɗaga mutum daga sujada, daga tabarma da kuma daga tsuguno a masai.

Sauran duk a gefen bango ko tebur mai nauyi ake yin su. Ya yi ɗage a kan yatsu ya sauko, sau goma, sannan ya ɗaga yatsun ya tsaya kan dunduniya. Ya ɗaga ƙafa ɗaya gefe ba tare da ya karkata ba. Ya sa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, dunduniya na taɓa yatsu, ya tsaya daƙiƙa goma, ya canza. In wannan ya zauna, sai tsayuwa a ƙafa ɗaya, sai tafiya taku goma a kan layi ɗaya dunduniya na bin yatsu, sai tafiya gefe-gefe kamar ƙaguwa. Ƙa'idar ita ce atisayen ya ɗan yi wuya. Wanda ya ƙanƙame bango da hannu biyu wata shida bai horar da komai ba. A riƙa rage dafawar daga hannu zuwa yatsa biyu, zuwa hannu kusa da bango bai taɓa ba. A makonnin farko wani ya tsaya kusa.

Iyali na iya auna hatsarin da agogon waya. A auna mita uku daga kujera a ja layi. Tsoho ya tashi, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya zauna. Daƙiƙa 12 ko fiye alama ce ta hatsarin faɗuwa, haka ma kasa tsayuwar dunduniya gaban yatsu na daƙiƙa goma. Mai irin wannan sakamako, da wanda ya faɗi sau biyu cikin shekara, da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ya ga likita ko ma'aikacin motsa gaɓoɓi, wanda ake ce wa kine a asibitocinmu, kafin ya fara. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi ana cikin yi, a tsaya nan take.

Ba kowace faɗuwa ce laifin ƙafa ba. Maganin barci da wasu magungunan hawan jini na sa jiri, musamman idan an miƙe da sauri. Da asuba tsoho ya zauna bakin gado minti ɗaya kafin ya tashi, kuma kada ya daina magani sai da izinin likita. Ciwon sukari na kashe jin tafin ƙafa. Yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki. Lokacin zafi, ƙarancin ruwa a jiki ma na kawo jiri. Sai kuma gidan kansa: simintin wurin alwala mai gansakuka, silifas da ya sulɓe, bakin tabarma da ya nannaɗe, igiyar akuya a tsakar gida, da tafiya bayan gida cikin duhu in an ɗauke wuta. Tocila a gefen matashi da ƙarfen dafawa a bangon banɗaki ba su kai kuɗin hoton ƙashi ba.

In an riga an faɗi, kada a yi saurin ciccibar mutum. Idan ya bugu a ka, ko ƙugu na masa ciwo, ko ƙafa ɗaya ta gajarta ta juya waje, a bar shi kwance a nemo ma'aikacin lafiya. Idan babu rauni, ya mirgina gefe, ya koma rarrafe, ya isa kujera ya dafa ta da hannu biyu, ya kafa ƙafar da ta fi ƙarfi, ya ɗago ya zauna. Wannan ma ana koyon sa tun ana lafiya, a kan tabarma, ana tare da mai taimako.