Batir ne ko caji? Yadda ake gano matsalar wuta a tsohuwar Fijo

Tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, ta zama motar ma'aikata da malaman jami'a da direbobin haya a Arewa. Ta fara fitowa a Faransa a 1968, aka kuma ci gaba da harhaɗa ta a Najeriya har cikin shekarun 2000. Har yau ana cin karo da ita da ƙanwarta 505 a titin Sokoto, daga Samaru zuwa Kwangila har PZ. Kukan da masu irin waɗannan motoci suka fi yi shi ne batir ba ya riƙe caji. Sai mutum ya nufi Sabon Gari ya sayo sabo, bayan mako biyu shi ma ya kwanta. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin sau da yawa laifin ba na batir ba ne.

Yadda wutar mota ke aiki

Batir tamkar randa ne: yana ajiye wuta, ba ya samar da ita. Mai cika randar shi ne altaneta, wadda injin ke juyawa da fambel. Tsakaninsu akwai wata ƙaramar na'ura da masu wayarin ke kira katawut, aikinta daidaita ƙarfin wutar don kada ta gaza ko ta wuce kima. A tsofaffin motoci akan same ta a wani ƙaramin akwati daban, a wasu kuma tana jikin altaneta. Saboda haka idan randa ta wayi gari ba ruwa, ɗayan uku ne: ko randar ta tsage, ko ba a zuba mata, ko wani yana ɗiba da dare.

A fara da ido da hannu

A kashe mota a buɗe bonet. A danna fambel da babban yatsa a tsakiyarsa. Idan ya lotsa fiye da kimanin santimita ɗaya, ya yi sako-sako, kuma shi ne ke yin ƙara da safe ko idan an kunna fitilu. A duba kawunan batir: farin gari ko kore da ke taruwa a kansu yana tare wuta, ana kuma wanke shi da ruwan ɗumi da bakar soda. A bi wayar da ta haɗa batir da jikin mota, domin tsatsa a wurin kan sa lafiyayyar altaneta ta yi kamar ta mutu. Idan batirin mai murafu ne, a tabbata ruwa ya rufe farantan ciki. Zafin Maris da Afrilu yana ƙafar da shi da sauri, kuma tataccen ruwan batir kawai ake ƙarawa, ban da asid ko ruwan rijiya.

Sannan a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. A motar da ke da jar fitilar caji a dashbod, wajibi ne ta kama, ta kuma mutu da zarar inji ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, kada a yi murna. A yawancin tsofaffin motoci ta wannan ƙwan ne altaneta ke samun ɗan wutar da take fara aiki da ita, don haka ƙonewarsa kaɗai na iya hana caji.

Abin da mita ke faɗa

Ƙaramar mitar awon wuta, wadda ake samu a shagunan kayan lantarki, ita ce alƙali. A saita ta a DC 20, a ɗora jar waya a kan mai alamar (+), baƙa a kan mai alamar (−). Ana awon ne da bolt, wato ma'aunin ƙarfin lantarki.

Da safe kafin a tayar da mota, cikakken batir yakan nuna kusan bolt 12.6, domin ɗakuna shida gare shi, kowane 2.1. Idan ya nuna 12.2, kimanin rabi ya rage. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. A sa wani ya yi sitata ana kallon mita: idan batir mai cikakken caji ya faɗi ƙasa da 9.6, ya gaji. Sanyin asubar hunturu ne ya fi tona asirin irinsa.

Bayan inji ya tashi, a ɗan taka totur. Lafiyayyen caji yana tsakanin 13.8 da 14.4, kuma bai kamata ya sauka sosai ba ko an kunna manyan fitilu da fanka. Idan awon ya tsaya a 12 da 'yan kai, altaneta ba ta bayarwa. Galibi burushinta ne ya cinye, ko katawut, ko diyod, kuma duk ana canza su ba sai an sayi sabuwa ba. Idan ya haura 15, katawut ta saki wuta: batir zai yi zafi, ruwansa ya tafasa, a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, fitilu su riƙa ƙonewa.

Idan batir da caji duka lafiya suke amma mota na kwana ta ƙi tashi, akwai ɓarawon wuta. A kashe komai, a cire kan (−), a saka ƙaramin ƙwan gwaji tsakaninsa da batir. Idan ya haska sosai, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har ya dushe. Sau tari rediyon da aka ƙara daga baya ne, ko fitilar but, ko tsohuwar wayar da ta goge.

Gwajin da ya kamata a ƙi

Har yanzu wasu kan cire kan batir inji na aiki, wai idan mota ba ta mutu ba caji lafiya yake. Dabara ce da aka gada daga zamanin dinamo, kafin altaneta ta maye gurbinsa a shekarun 1960. Batir ne ke shanye hauhawar wuta. Idan aka cire shi, wutar kan yi tsalle ta ƙona diyod da katawut. Mai mota na da haƙƙin ya ce a kawo mita.

Wajen cire batir a fara da kan (−), wajen mayarwa a ƙare da shi. Kada a kusanto da taba ko tartsatsi, domin iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa da wuta. Wanda motarsa ba ta wuce gajeren zango daga gida zuwa ofis, ko take yin makonni a ajiye, ya riƙa kai batir a yi masa cikakken caji lokaci-lokaci, domin batirin da ya daɗe babu caji ba ya komawa yadda yake. Kafin a biya kuɗin sabo, a nemi mai wayarin ya nuna awo uku: na mota a kashe, na lokacin sitata, da na inji yana aiki.