Daga Wuri Zuwa Kwabo Mai Huji: Abin Da Ke Cikin Kwallar Kakanninmu



Bayan rasuwar kakata a Maiyama, da aka zo buɗe kwallarta sai ga wani ƙullin tsumma: wuri cikin tafin hannu, kwabbai masu huji an shirya su a zare, da liyari guda biyu. Nan take gida ya rabu biyu. Wasu suka ce tarkace ne, a ba yara su yi wasa. Wasu suka ce ai sun ji ana sayen irin wannan kwabo miliyoyi. Duka ɓangarorin sun yi kuskure, kuma tarihin kasuwar Jega ne zai nuna mana dalili.

Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ne ya kafa Jega wajen shekarun 1820, a bakin gulbin Zamfara. Kafin ƙarnin ya ƙare ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu, zangon fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Kuɗin wannan zamani wuri ne, kalmar "kuɗi" ma jam'in "wuri" ce. Daga tsibiran Maldib da ke tekun Indiya ake kawo shi, daga baya 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani mai ɗan girma daga Zanzibar har darajarsa ta faɗi. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kayan mutum guda ke nan. Saboda yawan da aka shigo da shi, wurin da ke gidajenmu ba ya kawo wani kuɗin kirki a yau, sai dai ado da tarihi.

Mai babban ciniki kuwa liyari yake nema, wato dalar azurfa mai hoton Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya. A 1851 Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar ana canza dala ɗaya wuri 2,500 a Kano. Ga inda ake yawan ruɗuwa: kusan duk liyarin da za ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinsa. Wannan shekarar mutuwar sarauniyar ce. An ci gaba da buga shi da wannan lamba a Biyana, da Landan, da Rum, da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, har yau ma ba a daina ba. Don haka ganin 1780 ba ya nufin liyarinka ya shekara 240. Darajarsa tana cikin azurfarsa: na gaskiya yana da nauyin giram 28, kusan giram 23 daga ciki zallar azurfa ce.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai suka hana shigo da wuri, suka tura mutane ga kuɗinsu ta hanyar haraji. A 1907 aka fito da kwabo da anini masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Hujin ya dace da mutanen da suka saba shirya kuɗi a zare. Anini goma ne kwabo ɗaya, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Rabin kwabo shi ake kira ɗari, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, fataka sule biyu. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fito da taro, da sisi, da sule, da fataka na azurfa. Da azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko, daga 1920 sai aka koma buga su da ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Kuɗin Najeriya na kanta sun fito a 1959, naira ta karɓe su ranar 1 ga Janairu, 1973.

To, yaya mutum zai gane abin da ke hannunsa? Fara da shekara da sunan sarki. Kwabbai na 1907 zuwa 1911 suna ɗauke da sunan Najeriya a rubutunsu, daga 1912 aka cire shi. Aninin farko na alminiyam ne, ba shi da nauyi, kuma yana saurin ciyuwa, shi ya sa mai kyan jiki ya fi daraja. Sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwar manja, in fari ne kuma shekararsa tsakanin 1913 da 1919 take, azurfa ne. In ka duba da kyau za ka iya ganin ƙaramin harafi: H na nufin masana'antar Heaton ta Birmingham, KN kuma King's Norton. Masu tara tsofaffin kuɗi suna bambanta farashi da waɗannan haruffa. Akwai kuma na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya yi murabus bai cika shekara ba. Abin sha'awa ne, amma an buga shi da yawa, ba zai saya maka babur ba.

In sayarwa za ka yi, kada ka goge shi da toka ko lemun tsami, domin goge shi na karya farashinsa. Liyarin da aka liƙa wa kunne don sarƙa, kuɗin azurfarsa kawai za a ba ka. Kai shi wurin maƙerin fari a auna a gabanka, ka ji ta bakin mutum biyu ko uku. Wanda kuma ya zo da zancen miliyoyi, yana cewa kwabonka na jan shinkafa ko yana da wani sinadari a ciki, sannan ya nemi kuɗin gwaji ko na rajista, ɗan damfara ne. Mai saye shi ke biya. A tuna kuma cewa fitar da kayan tarihi ƙasar waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Mu dai a gidanmu mun yanke shawarar ba za mu sayar ba. Da muka lissafa, kuɗin duka ba zai kai na 'yan buhunan albasar Aliero ba, alhali a wannan ƙulli muka ga kuɗi iri uku da suka ratsa hannun dangi ɗaya. Wanda ya ga ba zai iya adana nasa ba, ga gidan tarihi na Kanta a Argungu, ya fi a narkar da su. Kafin nan, ka ɗauki kwabon ka je wurin dattijon da ya rage a gidanku, ka tambaye shi me taro yake saya a kasuwar Jega yana yaro, ka rubuta amsar ka ajiye tare da shi.